Darasi na Bakwai: Doguwar Tafiya da Yara a Mota

Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, yaro yana iya jure wannan ba tare da wani dogon shiri ba. Zuwa Kano ya haura kilomita 200. Mai zuwa Sakkwato kuwa sai ya ratsa Zariya da Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, kusan yini guda ke nan a zaune, na Maiduguri ma ya fi shi shan zama. Babba yana haƙuri ne don ya san inda za shi. Yaro ba abin da ya sani sai cikinsa da mararsa da zafin da yake ji. Yawancin kukan da ake sha a mota daga nan yake tasowa, kuma tun daren jajibirin tafiya ake haɗa maganinsa, ba sai an je tasha ba.

Jakar hannu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba komai cikin babbar jaka guda. A tasha 'yan kamasho za su tura ta can cikin but, su ɗora mata buhun masara, su ɗaure da igiya. Yaro ya ɓata wando a Mararrabar Jos, wandon canji yana ƙarƙashin buhu, direba kuwa ba zai kwance kaya saboda wando ɗaya ba.

Don haka a ware ƙaramar jaka wadda ba za ta bar cinyar uwa ko ƙafarta ba. Kowane yaro a sa masa kayan canji kala ɗaya, wanda bai kai shekara uku ba kala biyu. Jariri a lissafa masa famfas ɗaya duk awa uku, a ƙara biyu saboda lalacewar mota. A sa baƙar leda kamar guda shida, tsumma biyu, ɗaya busasshe ɗaya jiƙaƙƙe a ƙulle cikin leda, da guntun sabulu da zani guda. Zanin nan shi ne mayafi, shi ne labulen rana a jikin gilashi, shi ne shimfiɗa in an tsaya. Da hunturu a ƙara rigar sanyi da hula da man kaɗanya. Yaro mai sikila ko asma, maganinsa da katin asibitinsa su ne farkon abin da zai shiga jakar. Mai sikila sanyi da ƙishirwa suna tayar masa da ciwo, kada a zaunar da shi bakin taga, kuma kada a rage masa ruwa.

Wurin zama

A tashar Kawo ko ta Mando da ke Kaduna an saba uwa ta biya kuɗin kujera ɗaya ta ɗora yara biyu a cinya. A gaskiya wannan ba tattali ba ne idan tafiyar ta wuce awa biyu. Ƙafar uwa za ta yi sanyi, yaran su matsu, faɗa ya tashi, fasinjan kusa ya fara tsaki. In da hali, a ƙara kuɗin kujera ɗaya ko da yara biyu ne za su raba ta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama. Dalili shi ne idan aka taka birki da ƙarfi, hannun babba ba ya iya riƙe yaro, komai ƙarfinsa, gilashin gaba ne zai tare shi. Mai motar kansa ya ɗaura wa kowa bel, ƙanana kuma ya nema musu kujerar yara. Ya buɗe ƙofar baya ya duba gefenta, akwai wani ɗan maɓalli a wurin. In an tura shi, ƙofar ba ta buɗuwa daga ciki.

Yara biyun da aka san ba sa shiri a sa yayarsu a tsakani. Rigimar taga kuma a yanke ta tun a gida: wane daga Kaduna zuwa Zariya, wance daga Zariya zuwa gari na gaba. Yaro yana yarda da hukuncin da aka faɗa masa tun kafin a tashi fiye da wanda aka yanke yana tsakiyar kuka.

Ci da sha, da maganar amai

Kada a fita da yaro ciki wayam, kada kuma a cika shi da maiƙo. Koko ko shayi da biredi awa guda kafin tashi ya wadatar. Guzurin hanya ya zama busasshe wanda ba ya lalacewa: biredi, dafaffen ƙwai, ayaba, lemon ɓawo, cincin, dambun nama. Fura da nono da shinkafa da miya ba sa jure zafin mota, kafin azahar sun fara tsami. A ƙulla wa kowa rabonsa daban, a riƙa fiddawa kaɗan-kaɗan. In aka miƙa duka tun a Kawo, kafin Jaji sun cinye, sauran hanya kuma sai kallon tallar bakin titi. Gyaɗa da aya da alawa mai tauri ba na ɗan ƙasa da shekara huɗu ba ne, mota na faɗawa rami sai su sarƙe shi.

Wasu iyaye suna hana yara ruwa don gudun fitsari. Abin da ke biyo baya ciwon kai ne da ƙunci. A ba su kurɓi biyu ko uku a kai a kai. Lemon kwalba shi ne abin ragewa.

Amai a mota ba iskokai ba ne, ba kuma shagwaɓa ba. A can cikin kunne akwai sashen da ke gaya wa jiki ana motsi. Idan yaro ya duƙa yana kallon waya ko littafi, ido na cewa a tsaye ake, kunne na cewa ana gudu, wannan saɓanin ne ke tayar da zuciya. Ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 12. Kujerar can baya ta bas ta fi jijjiga, sai a nema wa mai wannan lalura ta tsakiya, inda zai hango hanya ta gaba. A ɗan sauke gilashi. A guji turare mai ƙarfi, domin in ya haɗu da warin fetur, ko babba sai ya ji a jikinsa. Alamar tana zuwa kafin aman: yaron da ke surutu ya yi tsit, yana hamma, yana haɗiyar yawu, goshinsa ya yi gumi. Da an ga haka a buɗe leda a miƙa masa. In ya yi, a goge masa fuska da jiƙaƙƙen tsumma, ya kurkure baki, a jira kamar minti goma sannan a fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Faɗa ba ya tsayar da amai.

Idan gudawa ta haɗu da aman, a zuba ƙullin ORS ɗaya, garin nan na gishiri da sukari da ake ba masu gudawa, cikin ruwa lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. In babu, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya. Yaron da ya kasa shan komai ko jikinsa ya saki, asibitin gari mafi kusa za a nufa. Ɗura wa yaro maganin tari ko na mura don ya yi barci kuwa haɗari ne, a bar shi.

Tsayawa a hanya

Mai motar gida ya tsaya duk bayan awa biyu, ko minti goma ne, a cikin gari ko gidan mai, ba a daji ba. Kowa ya kewaya, har wanda ya ce ba ya ji. A motar haya kada a jira sai ta matse yaro, tun ana hango gari a ce, "Malam direba, don Allah in mun shiga garin nan a taimaka mana da minti biyar, yara za su kama ruwa." A sauke yara ta ƙofar dama, ɓangaren da ba titi ba. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota a rana ko da barci yake, zafin ciki yana hauhawa cikin 'yan mintoci. Kafin a tashi a ƙirga su da suna. A aljihun kowane yaro a sa takarda mai sunansa da lambar wayar mutum biyu. Lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

A tashi da an idar da sallar asuba, yara su yi barcinsu cikin sanyin safiya, a isa kafin magariba. Tafiyar dare da iyali ba abin yi ba ce a hanyoyinmu.

In barci ya ƙare

Sai a shiga kacici-kacici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Wanda ya ce tsintsiya shi zai kawo na gaba. In sun gaji a koma ƙirga tireloli, ɗaya ya ɗauki masu tafiya, ɗaya masu dawowa. Tatsuniyar Gizo a adana ta sai rana ta take, lokacin da haƙuri ya fara ƙarewa. Allunan hanya da rubutun bayan manyan motoci kuma abin karatu ne ga yaro da babba: a haɗa baƙi tare, wanda ya riga karanta sunan gari shi ke da taga.

Aikin gida: iyali za su Sakkwato da jariri, tafiyar awa tara. Famfas nawa za a sa a jakar hannu? Rubuta sunayen garuruwa huɗu da za su ratsa.