Yadda Ake Zaɓen Ganyen Shayi Mai Kyau da Araha, da Yadda Ake Haɗa Shi

Baƙin shayi da koren shayi duk daga tsiro ɗaya suke fitowa, wato Camellia sinensis, kuma abin da ya raba su shi ne yadda ake sarrafa ganyen bayan an tsinko shi. Sin, Indiya, Kenya da Sri Lanka ne kan gaba wajen nomansa, amma sunan ƙasa a jikin kwali ba shi ne shaidar inganci ba, domin a kowace ƙasa ana samun mai kyau ana samun na baya.

Da farko, a nemi ganyen da ake sayarwa da awo maimakon wanda aka ƙulla a ƙananan jakunkuna masu zare. Sau da yawa abin da ke cikin jakunkunan nan ɓurɓushi ne da gari, ga shi kuma mai saye yana biyan kuɗin takarda da zare da kwali. Wanda yake son shayi mai kauri da zai ɗauki madara, ya duba na yankin Assam da ke Indiya ko na Kenya wanda inji ya murje ya dunƙule ƙanana-ƙanana, domin yana da araha kuma yana saurin ba da launi.

Kafin a biya, a zuba kaɗan a tafin hannu a duba da kyau. Ganye mai kyau busasshe ne ƙayau, yana karyewa idan an murza shi, girmansa kusan ɗaya ne, kuma ba a cika ganin itatuwa a cikinsa ba. Sannan a sansana: idan aka ji warin laima, ko kuma ba a ji ƙamshin komai ba, ganyen ya tsufa, kuma araharsa ba ta da amfani. Ya fi kyau a fara sayen kaɗan a gwada kafin a sayi mai yawa. A gida, a adana shi a gwangwani mai murfi, nesa da rana da danshi da kayan ƙamshi, saboda ganyen shayi yana saurin ɗaukar warin abin da ke kusa da shi.

Wajen haɗawa ne aka fi ɓata ganye mai kyau. A ɗora sabon ruwa, a ɗauraye butar da ruwan zafi, sannan a sa giram 2 zuwa 3, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, ga kowane kofi. Baƙin shayi yana son tafasasshen ruwa, a rufe shi ya tsumu minti 3 zuwa 5. Koren shayi kuwa ba ya jure wannan zafin, don haka a sauke ruwan ya ɗan huce zuwa digiri 70 ko 80 a ma'aunin Celsius, a ba shi minti 2 zuwa 3 kawai. Idan aka wuce lokaci, bauri ne zai danne ɗanɗanon, saboda haka mai son shayi mai ƙarfi ya ƙara ganye, kada ya ƙara mintuna. Da lokaci ya cika a tace gaba ɗaya, kuma idan ganyen manya ne, ana iya sake zuba masa ruwa karo na biyu.