Kurakuran da aka fi yi da jan giyar Pinot Noir a teburin baƙi

Na ɗau shekaru ina aiki a gidan cin abinci a nan Faransa, kuma in akwai kwalbar da nake jin tausayinta to Pinot Noir ce, saboda sababbin ma'aikata suna riƙe ta kamar sauran jajayen giyar inabi masu kauri, ita kuwa ba haka take ba sam.

Pinot Noir sunan inabin da ake yin ta da shi ne, kuma inabin nan ɗan wurin sanyi ne. Asalin gidansa Burgoin (Bourgogne), wani yanki a gabashin Faransa da gonakin inabinsa suka miƙa daga birnin Dijon zuwa kudu har bayan garin Beaune, sannan ana noma shi a Jamus inda suke ce masa Spätburgunder, da jihar Oregon a Amurka, da Central Otago a Niyu Zilan. Fatarsa siririya ce, shi ya sa giyar ke fitowa ja garau kamar zoɓon da aka ɗan ƙara wa ruwa, kana hango yatsanka ta cikin kofi. To nan kuskuren farko yake, mutum ya ga launi ba duhu sai ya ce ai wannan ruwa-ruwa ce, ba ta da daraja. Launin daga fata yake zuwa, haka baurin nan da ke ɗaure baki kamar na goro. Ita baurinta kaɗan ne, tsaminta ne a gaba, sai ƙamshin ceri (wani ƙaramin jan ɗan itace) da na ƙasa in ruwan farko ya sauka.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na zafi. An koya wa mutane cewa jan giya ba a sa ta a firij, sai a bar ta kan kanta kusa da kicin, kwalba ta yi ɗumi, a zuba wa baƙo ya ji barasa kawai ke bugun hancinsa, ƙamshin ya gudu. Digiri 14 zuwa 16 a ma'aunin Celsius take so. In ɗakin da zafi ka sa ta firij kamar minti 20 kafin ka buɗe, shi ke nan fa. Amma kar ka manta da ita ta yi sanyi ƙalau, don nan ma tsami kaɗai za a ji. Ni kaina na taɓa wannan aika-aika farkon zuwana, na bar kwalba kusa da murhu tun rana, wata dattijuwa ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin, ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi. Har yau ina tuna kallon nan.

Kofi kuma mai faɗin ciki ake ba ta, a zuba kashi ɗaya cikin uku, ba a cika shi taf.

Sai karatun takardar kwalba. A Burgoin galibi ba sa rubuta sunan inabi, sunan ƙauye suke sa wa, Pommard, Volnay, Gevrey-Chambertin, Nuits-Saint-Georges, duk waɗannan in ja ce to Pinot Noir ce. Baƙo ya nema, yaro ya ce babu, alhali ga su nan jere a sito. Wani kuma ya ɗauko Beaujolais don yana maƙwabtaka da su, wannan kuwa inabin Gamay ne, daban.

Batun abinci, kar ka haɗa ta da abu mai yaji sosai. Barkono da barasa in sun haɗu raɗaɗin ƙaruwa yake, kuma ɗanɗanonta mai laushi ɓacewa yake gaba ɗaya. Agwagwa, gasasshiyar kaza, naman kaza na tsiro (mushroom) da aka soya da man shanu, nan ne wurinta, tsamin yana yanke maiƙo. Mutanen Burgoin da jan giyarsu suke dafa naman sa da zakara, su kuma sha ta a kai. Kuma maganar wai kifi sai da farar giya ba ko'ina ta ci ba, kifin salmon mai kitse ne, yana tafiya da ita lafiya lau, in baƙo ya yi shakka ka ɗan zuba masa ya gwada.

In an rage, a toshe a sa firij, kwana biyu zuwa uku ne iyakarta.