Yadda Ake Wanke Tsohon Faifan Garmaho Ba Tare Da An Ɓata Shi Ba

A wasu gidajen unguwannin Nima da Sabon Zongo na birnin Accra ana iya samun faya-fayan mawaƙin Ghana E.T. Mensah da ƙungiyarsa Tempos, waɗanda kamfanin Decca ya buga a shekarun 1950, wasu har da na Duke Ellington. Masu juyi 78 a minti ɗaya da shalak aka yi su, wani irin ƙaro ne, don haka kada sifirit ya taɓa su ko kaɗan: narkar da fuskar faifan yake yi.

A fara kakkaɓe ƙurar hunturu da burushi mai laushi. A ɗiga sabulun ruwa ɗigo 2 a cikin lita ɗaya ta tataccen ruwa, a goga ana bin layin faifan a zagaye, ana kiyaye takardar tsakiya. A ɗauraye, a jingine shi a inuwa har kwana ɗaya.

Wajen sauraren faifan, allura ce ke yawan ba da matsala. Ta faifan LP, mai juyi kusan 33 a minti ɗaya, siririya ce, tana nutsewa ƙasan layin, sai ƙaho da ganga su ɓace cikin shuuu. A nemi allurar 78 mai kauri. In garmahon da ake wanawa da hannu ne, a sake allurar ƙarfe bayan kowane gefe.

A ajiye faya-fayan a tsaye, nesa da ɗanshin damina.