Daren Ado a Jirgin Ruwa: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Duk tafiyar da na yi a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, da zarar daren ado ya zo, wato daren da ake son fasinjoji su fito cin abinci cikin kayan alfarma, sai na ga abu ɗaya. Mutum tsaye a bakin ƙofar babban ɗakin cin abinci, ma'aikaci na yi masa magana ƙasa-ƙasa cikin ladabi, shi kuma yana kallon gajeren wandon da ke jikinsa kamar yau ya fara ganinsa. Bayansa layi ya taru, matarsa ta kau da kai. Ba na yi masa dariya, don ni ma na taɓa tsayawa a wannan wurin. Abin da ke ci mini rai shi ne kurakuran ba sa canzawa, fuskokin masu yin su ne kawai ke canzawa.

Tushen yawancinsu ɗaya ne: mutum ya ji labarin jirgin da wani ya hau, sai ya ɗauka duk jirage haka suke. Ba haka ba ne. Kamfanin Cunard, mai jirgin Queen Mary 2 da ya fara aiki a 2004 kuma yake ƙetare tekun Atlantika tsakanin Southampton a Ingila da birnin Niyok cikin dare bakwai, ba ya wasa da wannan dare. Daga ƙarfe shida na yamma ana son namiji cikin taksido (baƙar kwat ta alfarma ta dare) ko kwat da wando masu duhun launi da taye, mace cikin doguwar rigar dare ko abin da ya kai matsayinta, kuma dokar ba a ɗakin cin abinci kaɗai ta tsaya ba, ta shafi yawancin wuraren taruwa a jirgin. P&O Cruises ma na kusa da haka. A ɗaya ɓangaren akwai Norwegian Cruise Line da ba ya tilasta wa kowa daren ado. Carnival na tsakiya: dogon wando mai kyau da riga mai kwala sun wadatar, wanda ya ga dama ya ƙara da kwat. Wanda ya ɗauki kayan Cunard ya hau Norwegian ya yi dakon banza. Wanda ya yi akasin haka, shi ne mutumin nan na bakin ƙofa. Maganin bai fi minti biyar ba: ka karanta ƙa'idar suturar kamfanin da ka biya wa kuɗi kafin ka buɗe akwati, ba labarin abokinka ba, domin kamfanonin kan sauya ƙa'idar da ma sunan da suke kiran daren.

Sai lissafin darare. A tafiyar kwana bakwai yawanci dare biyu ne, a ta kwana uku ko huɗu ɗaya. Ba kasafai ake sa shi a daren farko ba, saboda akwatuna ba su gama isa ɗakuna ba, haka ma daren ƙarshe, saboda an riga an ɗaure kaya. An fi sa shi a ranar da jirgi ke tsakiyar teku bai tsaya a wata tasha ba. Wannan yana nufin daren farko na ado kan faɗo a rana ta biyu, kuma a nan ne na sha tawa wahalar.

Tafiyarmu ta farko ce ni da uwargida, a jirgin wani kamfani mai tsanani kan sutura. Na naɗe kwat ɗina ta lilin, na danna ta a ƙasan akwati ƙarƙashin takalma, hankalina kwance saboda na sa ƙaramin dutsen guga a gefe. A tashar jirgi akwatin ya bi ta na'urar bincike. Da yamma kowa ya ga nasa a bakin ƙofa ban da ni. Sai ga takarda wai in sauka ƙasa wurin jami'an tsaro. Na buɗe akwati a gabansu, suka zare dutsen gugar, suka ba ni 'yar shaida, suka ce in karɓa ranar sauka. Na so in yi gardama, sai jami'in ya ce da ni a tsanake babu abin da masu jirgi ke tsoro kamar gobara a tsakiyar teku. Gaskiyarsa ce. Kusan duk kamfanoni sun hana dutsen guga a ɗaki, da yawansu har da na'urar hannu mai guga da turiri.

Da na yi hankali, a daren nan zan miƙa kwat ɗin ga masu wanki da guga na jirgi. Ban yi ba. Na ce gobe ma rana ce. Washegari bayan abincin rana na zaro ta, ta cukurkuɗe kamar an ƙwato ta daga bakin saniya. Na kira mai kula da ɗaki, ya duba agogo ya girgiza kai: lokacin karɓar kayan da za a dawo da su a ranar ya wuce tun da safe. Na rataye ta a banɗaki, na buɗe ruwan zafi har madubi ya rufe, na fito ina zufa. Lilin ko gezau bai yi ba. Ƙarshe na sa riga da taye kawai, na ce ai ba za su kori mutumin da ya biya kuɗinsa ba. Suka mayar da ni, da murmushi da ban haƙuri. Uwargida, wadda ta ɓata awa biyu gaban madubi, ta ci abincin darenta a ɗakin ɗibi-da-kanka, sanye da doguwar riga mai ƙyalli, tana riƙe da tire a layi tsakanin yara masu silifas. Ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Har yau in muka yi saɓani sai ta tuna mini da kwat ɗin lilin.

Tun daga ranar nake da tsarina, kuma ban damu ko wani ya ce ya yi yawa ba. Na daina ɗaukar lilin don daren ado, ulu mara nauyi nake ɗauka, domin in ka rataye shi ya kwana yakan saki da kansa. Kwat ba ta shiga akwatin da zan rabu da shi. Ko dai in sa ta a jikina a jirgin sama, ko in juya ta ciki-waje, in cusa kafaɗa ɗaya cikin ɗayar, in naɗe sau ɗaya in ɗora a saman jakar hannu. Dalilina ba yamutsewa kaɗai ba ne. In jirgin sama ya ɓatar da akwatinka, jirgin ruwa ba zai jira ba, kuma akwatin na iya riskar ka sai a tasha ta biyu ko ta uku, bayan dare ya wuce. Da na shiga ɗaki, kafin in leƙa taga ma, nake rataye kayan ado. Abin da ke buƙatar guga, a daren farko yake tafiya wurin masu wanki. Jiragen Cunard da Princess suna da ɗakunan wanki da fasinja ke shiga da kansa, da dutsen guga a ciki, amma kada ka bari sai la'asar ɗin ranar ado, za ka tarar da mutum goma na jiran dutse ɗaya, kowa da riga a kafaɗa, rai a ɓace. Ka je da sassafe lokacin da suke can suna karin kumallo. Kuma kada ka dogara da cewa kowane jirgi na da irin wannan ɗaki, na Royal Caribbean ba su da shi.

Yanzu bari in juyo kan takalmi, don nan ne mata ke ba ni mamaki. Haba, 'yar'uwa. Ki sayi sabon takalmi mai tsini, ba ki taɓa taka shi ko a tsakar ɗaki ba, sai ranar da ƙasa ke motsi a ƙarƙashinki za ki gwada shi? Jirgi komai girmansa yana lilo. Queen Mary 2 ya haura mita 340 a tsawo, kuma irin waɗannan jirage in ɗakinki na gaba, ɗakin cin abinci na baya, tafiya ce sosai a kan kafet mai kama dunduniya. Ga lif da ke cika maƙil a daren ado saboda kowa lokaci ɗaya ya fito, dole ki bi matakala. Na ga wata baiwar Allah tana saukowa babbar matakalar tsakiyar jirgi, mai hoto na jiran ta a ƙasa, jirgi ya ɗan karkata, tsinin takalmi ya kama gefen doguwar rigarta. Allah ya sa ta riƙe ƙarfe, amma rigar ta yage har gwiwa, kuma washegari da bandeji na gan ta. Ki ɗauki takalmi mai faffaɗar dunduniya wanda ƙafarki ta saba da shi, kuma rigar kada ta ja ƙasa. Maza ma ba ku tsira ba. Sabon takalmi mai ƙasan fata santsi gare shi, musamman in ka fita shan iska a farfajiyar jirgi inda danshin teku ya sauka. Ni nakan goga ƙasan nawa a kan siminti kafin tafiya.

Akwai kuma wanda ba a faɗa saboda kunya: ƙugu. Wandon da ya zauna maka cif a dare na biyu ba lallai ya rufu a dare na shida ba, bayan kwanaki kana ci safe, rana, dare da tsakaninsu. Ban da haka ma, doguwar tafiyar jirgin sama da abinci mai gishiri kan sa jiki da ƙafa su ɗan kumbura. Kayan da ka ɗinka shekara biyar da suka wuce, ka gwada su mako biyu kafin tafiya, ka zauna da su a kujera, ka sunkuya ka ɗaure takalmi. In ya matse a gida, a teku maɓalli zai tashi.

Sauran ƙanana ne. Mata da yawa kan ɗauko riguna biyu ko uku masu nauyi don dare biyu, alhali ɗaya mai duhun launi da sauyin sarƙa da mayafi ta isa, babu mai riƙe lissafin abin da kika sa shekaranjiya. Mayafin ma ba na ado ba ne kawai, sanyin na'urar ɗakin cin abinci da na gidan wasan jirgi ba kaɗan ba ne, ko da a yankin zafi kuke. Baƙaƙen safa da bel, maza kan manta su fiye da komai, sai ka ga taksido mai tsada a kan farar safar motsa jiki. Ƙaramin tayen nan mai siffar malam-buɗe-littafi, in ba ka iya ɗaura shi ba ka koya a gida, ko ka sayi ɗaurarre, babu wanda zai bincika wuyanka. Kada ka tafi da niyyar hayar taksido a cikin jirgi sai ka tabbatar kamfanin na yin haka, kuma shagunan jirgi a rufe suke in yana tsaye a tasha. Kayan gargajiya na alfarma karɓaɓɓu ne har a Cunard, za ka ga mutanen Sikotland da siket ɗinsu na maza suna taƙama, amma su kasance irin waɗanda ake sawa a babban taro.

Wanda kuma ba ya son wannan ɗawainiya gaba ɗaya, babu laifi. Ɗakin ɗibi-da-kanka a buɗe yake, ana kuma iya kawo maka abinci ɗaki. Abin da ba na so shi ne ka ƙi yin ado, sannan ka je ka tsaya kana ɗaga wa ma'aikacin bakin ƙofa murya. Ba shi ya kafa dokar ba, kuma tana rubuce a takardar shirye-shiryen da aka ajiye maka a ɗaki tun daren jiya, da kuma manhajar jirgin da ke wayarka.

A aljihun cikin kwat ɗina kullum akwai fil biyu da allura da baƙin zare a naɗe cikin 'yar takarda. Sau ɗaya na yi amfani da su don kaina. Sau uku na ara wa wasu a bakin lif, ɗaya daga ciki wani dattijo ne da zif ɗin rigar matarsa ya ɓalle saura minti goma a zauna cin abinci.