Yadda ake shiga ajin horar da karnuka a Kaduna ba a sha kunya ranar farko ba

Yawancin masu kare a garin nan ba sa neman aji sai an yi ɓarna: ya yaga rigar baƙo, ko ya ja maigadi har bakin titi. Ko a lokacin ba a makara ba, sai dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyo ɗan wata 4 ya fi saurin ɗauka.

Fara da likitan dabbobi. Allurar rigakafin fabo da distamfa, cututtuka biyu masu kashe karnuka, ana fara ta kwikwiyo yana da sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har wajen sati 16. Ta haukan kare kuwa daga wata 3 ne, sannan duk shekara. Karɓi katin rigakafin ka adana, ka sa a ba shi maganin tsutsa da na kaska. Wurin horaswar da bai tambayi kati ba, juya ka tafi, domin fabo na daɗewa a ƙasa, kuma kwikwiyo yake kashewa. Likitan ma shi za ka tambaya inda ake aji, ko a Barnawa kake ko Malali, don ya fi kowa sanin masu horaswa na kirki.

Kafin ka biya ko sisi, je ka kalli aji ɗaya ba tare da kare ba. In ka ga bulala a hannun mai horaswa, ko karnuka sun fi takwas shi kaɗai, nemi wani wuri. Tambayi kuɗi, na wata ne ko na zango, da abin da ake yi in ruwan sama ya hana zama. Kuɗin aji dai bai kai na kai baƙo asibiti ba in an cije shi.

Wanda ke ba kare abinci kullum, shi zai zo aji. Na sha ganin mutum ya turo yaro, wata guda kare na bin yaron kamar raƙumi da akala, maigida kuwa ko kallo bai ishe shi ba. In maigadi ne ke kula da shi, ku zo tare. Ku kuma tsai da kalma ɗaya ga kowane umarni, Hausa ko Turanci. Kada kai ka ce zauna, wani ya ce "sit", wani ya yi tsaki.

Kayan ba yawa: igiya mai tsawon kamar mita 2, abin wuya da ba ya shaƙewa, ruwa da kwano, leda don kwashe kashi. Abin lada, dafaffiyar hanta ce, a yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Ban da tsire da kilishi, saboda yaji da albasa, albasa kuwa guba ce ga kare. Kada ka ba shi kalaci ranar aji. Ƙosasshen kare ba ya sauraron kowa.

Yanzu ga inda ni na faɗi, kuma a nan sababbi ke faɗuwa: mintuna 10 na farko. Karena Alsashiyan ne, a gida ba ruwansa. Muna shiga fili ya ga karnuka shida, ya miƙe kan ƙafa biyu yana haushi. Na finciki igiya, na daka masa tsawa, ya ƙara. Ashe duk fincika tabbatar masa nake cewa lallai akwai abin tsoro a gaba. Ranar ko "zauna" ba mu yi ba.

Abin da ya gyara mu tazara ce. Ka riga kowa zuwa da minti 15, ka bar shi ya shinshina filin ya yi fitsari. In sauran sun fara isowa, ja da baya can gefe, inda yake ganinsu amma har yanzu yana karɓar hanta daga hannunka. Wannan shi ne ma'aunin. In ya ƙi ci, kun matso da yawa, ƙara baya. Duk sanda ya kalli wani kare ya juyo ya dube ka, ba shi lada nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ka tsaya laluben aljihu, bai san abin da aka yaba ba. Saki igiya ta yi ɗan lanƙwasa. Kuma ka sa masa ido, tunda in ka ga kare na shinshina takalmi ɗauka zai yi: jiki ya sandare, gashin baya ya tashi, ya kafe wani da ido, to juya da shi tun kafin gurnani. Mu sati uku muka yi a gefe kafin muka shiga layi. Kada ka ji nauyin masu kallo. Kuma kada ka yarda da mai cewa a bar su su gaisa hanci da hanci a kan igiya, a nan faɗa ke tashi.

Da ya natsu, sauran na zuwa da sauri: zauna, kwanta, tsaya, tafiya a gefenka na hagu, sai zo. Maimaita a gida minti 5 safe da yamma, a tsakar gida tukun, daga baya a ƙofar gida inda ake wucewa. Kada ka taɓa kiran kare da "zo" don ka dake shi. A zafin Maris da Afrilu zaɓi ajin sassafe, siminti na ƙona musu tafin ƙafa. Karya in tana neman namiji, a bar ta gida kamar sati uku. Wanda ya taɓa cizo kuwa, faɗa wa mai horaswa tun ranar rajista, ka zo da takunkumi.