Buhun Wake Mai Leda Biyu: Yadda Ake Ɗaure Shi da Yadda Ake Koya wa Gari

Ranar da na fara kai buhun nan na ajiye wake ba tare da maganin ƙwari ba ƙauyenmu ina malamin gona, wani dattijo ya karɓa ya juya shi, ya zaro ledar ciki ya shinshina, sannan ya ce, "Malam, ina maganin yake?" Na ce, "Baba, ai babu magani a ciki." Sai ya miƙo mini kayana. "To kai wa waɗanda ba su taɓa ajiye wake ba."

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taɓa zuba kananado a buhu da kaka ya kwance da bazara ya san aikin ƙwaro: ka cusa hannu ka ji ɗumi, ka fito da shi duk gari, kowace ƙwaya da hudarta. Shi ya sa manomi ke sayarwa da kaka lokacin da wake ya fi araha, ko kuma ya yayyafa fiya-fiya, ko ya jefa ƙwayar nan da 'yan kasuwa ke kira bom. Abin bai tsaya a cikinmu ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da ake samu a jikinsa, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan wake, Nijar na biye da ita.

Kafin ka taɓa buhun, ka san dalilin da ya sa yake aiki, don a nan ne na yi kuskurena na farko. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfani. Macen tana manna ƙwai a bayan ƙwayar wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta ci ta girma, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito ƙwaro, shi ma ya sake zuba nasa ƙwan. To wannan tsutsa numfashi take yi kamar ni da kai. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne. Idan ka rufe wake ruf, ƙwarin da ke ciki su ne da kansu za su shanye oksijin ɗin da ya rage tsakanin ƙwayoyi. Da ya yi ƙasa sai su daina ci, su daina haihuwa. Masu bincike sun gano wani abin da ya fi ba ni mamaki: yawancin ruwan jikin tsutsar daga abincin da take narkarwa da oksijin take samunsa, saboda haka idan iska ta ƙare ba shaƙewa kawai take yi ba, ƙishirwa ce ke ƙarasa ta. A cikin busasshen wake babu inda za ta sha.

Wannan ilimi ya yi doguwar tafiya kafin ya iso hannunmu. Larry Murdock, masanin ƙwari a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana a Amurka, shi da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Kamaru a Marwa, tun ƙarshen shekarun 1980 suke gwada hanyoyin adana wake ba da guba ba: cakuɗa shi da toka, gasa shi a rana tsakanin baƙar leda da fara, da kuma rufe shi a leda ninki-ninki. Dabarar ledar ta yi aiki, aka rubuta, amma ta shekara kusan 20 ba ta yi nisa ba, don babu mai ƙera ledar da ta dace, babu mai sayarwa a kasuwar ƙauye. Sai a 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗi aka fito da wannan buhu da sunan PICS, wato taƙaitaccen sunan Turanci mai nufin ingantacciyar hanyar Purdue ta adana wake, a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi, aka shiga ƙauyuka sama da 30,000 ana gwadawa a gaban jama'a. Buhun kansa ba wani abin al'ajabi ba ne a ido: leda biyu masu kauri, kowace maikron 80 a ma'aunin kaurin leda, sai buhun saƙa na waje da ke ɗaukar wahalar ɗauka da saukewa. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin 100.

Yanzu ga aikin. Waken ya bushe tukuna, bushewa ta gaske. Ɗauki ƙwaya ka ciza. In ta fashe ƙas, ta yi, in haƙori ya nutse a ciki, mayar da shi shanya. Ni ina ƙarawa da gwajin gishiri: busasshiyar kwalba, wake kamar cikin hannu, busasshen gishiri cokali ɗaya, ka rufe ka girgiza ka ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima. Buhun nan yana hana iska shiga, amma yana hana laima fita, saboda haka ɗanyen wake a ciki fumfuna zai yi, ka kwance ka ji tsami. Kuma kada ka kwashe shi daga rana da zafinsa ka ɗura. Bar shi ya huce a inuwa. A sheƙe shi sosai, a tsince tsakuwa da guntun kara da ɓawo mai tsini, don su ne ke huda leda daga ciki.

Sai ka duba ledojin, ko da sababbi ne fil. Buɗe bakin leda ka kaɗa ta ta cika da iska, ka murɗe bakin da hannu, ka rungume ta ka danna a hankali. Idan tana saɓewa, ko ka ji iska na huro maka a hannu, akwai huda. Ka fi duba gindin, wurin da injin ya like. Ƙaramar huda salatif yana toshe ta, amma ledar da ta yage a mayar wa mai kanti. A nan zan ce ka kula da ledar da ake sayarwa a rabin kuɗi. Na sha ganin shara-shara wadda kana ganin zanen tafin hannunka ta cikinta, an sa ta a buhu mai kama da na gaske. Araha ba ta ado.

Zuba wake kamar kwano biyu a leda ta farko don ta zauna, ka zura ta cikin ta biyu, ka zura su duka a buhun waje, ka naɗe bakunan ukun waje kamar yadda ake naɗe ƙafar wando. Mutum biyu ake so: ɗaya na riƙe, ɗaya na zubawa. Kana zubawa kana jijjiga buhun don waken ya zauna, kada a bar lungun da iska za ta maƙale. Kada ka cika shi har baki. Bar kamar taki ɗaya da rabi na hannu, wurin ɗauri.

Ɗaurin shi ne komai. Kama bakin leda ta ciki, ka danna saman waken da tafin hannu ka kore iskar da ke sama, ka murɗe ledar tamau har ta zama kamar igiya, ka lanƙwaso murɗin ya koma ƙasa kamar wuyan agwagwa, sannan ka ɗaure da igiya mai laushi ko robar tsohon tub na keke. Ban da waya, tana yanka leda. Ka gama da ta farko, ka tura ta ciki, ka yi wa ta biyu daidai haka, ita kaɗai. Sannan buhun waje. Ɗauri uku daban-daban, ba a haɗa su a ɗaure lokaci ɗaya. Amfanin leda ta biyu shi ne wani lokaci ƙwaron da ya fito kusa da bango yakan huda ta ciki kafin ya mutu. Ta biyun ce ke tare iska.

Ga kuskuren da na ce. A shekarar farko matakai kawai na koyar, ɗaya, biyu, uku, kamar karatun allo, ban tsaya bayanin iska ba don ina ganin zai yi wa mutane nauyi. Wani yayana a unguwa, manomi na gaske, ya yi komai daidai: ya shanya, ya sheƙe, ya jera ledoji. Da ya zo rufewa sai ya ga ɗaurin nan bai yi masa kama da aikin mai hankali ba, ya ɗauko basilla da zare ya ɗinke bakin buhun tsaf, har da ledojin, ɗinki mai kyau irin na buhun da za a kai Dawanau. Bayan wata huɗu muka kwance, ƙwari suka tashi mana a fuska. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, ai ba ka ce kada a ɗinka ba." Gaskiyarsa. Da na gaya masa cewa iska ce abokiyar gaba, da ko a mafarki bai soka wa ledar allura ba.

Tun daga ranar ba na fara koyarwa sai da guntun kyandir da kofin gilashi. In kunna, in kife kofin a kai, mu zuba ido har wutar ta yi ƙasa ta mutu. In ce, "Wa ya hure ta?" Yara ne ke fara amsawa: babu kowa, iskar ce ta ƙare. Sai in sake kunnawa, in kife, amma in sa tsinke a ƙarƙashin bakin kofin ya ɗan ɗaga. Wutar ta ci gaba da ci. In ce to wannan tsinken shi ne basillar Yaya. Minti biyar ne, amma ya fi awa guda na surutu.

Ajiya kuma ba ta da wuya. Ɗora buhun a kan katako ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango, kada rana ta riƙa dukansa. A share sito, don ɓera ba ya jin ƙamshin abin da ke cikin leda sosai, amma in ya ga wake a zube a ƙasa zai bincika. A hana masu dako saƙala masa ƙugiya, a hana mai saye soka ƙarfen ɗiban samfur. Abu mafi wuya shi ne haƙuri: duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaron da ya rage. Waken ƙosai da alala na yau da kullum a ware shi daban tun farko, a bar buhun da ɗaurinsa.

In kana so gari ya karɓa, kada ka zo da wakenka. Za a ce ka sa masa wani abu a gida. Ka fara da gaida mai gari, ka ce, "Ranka ya daɗe, mutum biyar nake roƙo, kowa da wakensa." Kada su zama masu kuɗin gari kaɗai, a samu wanda aka san shi da gardama, don in shi ya yarda, rabin aikin ya ƙare. A cika buhunan a dandali kowa na gani, a kuma zuba kwano kaɗan na waken nan dai a buhun da aka saba, a ajiye su gefe ɗaya a gidan mai waken, ba a ofis ba. Mai gari ko liman ya yi wa ɗaurin alama. A sa ranar buɗewa, wata huɗu zuwa shida, kuma in da hali ta dace da ranar kasuwa.

Mata fa? Su ne ke riƙe da waken iri da na sana'a a gidaje da yawa, kuma ba za su fito dandali ba. Na ɓata shekara guda kafin in gane haka. Abin da ya yi mana aiki shi ne wata Hajiya mai sayar da ƙosai da ta koya, ta riƙa shiga gida-gida da ledarta da kyandirinta. Rediyo yana sa mutum ya ji sunan abu, bidiyon waya da samari ke tura wa juna yana nuna yadda ake murɗa bakin leda, amma ban taɓa ganin wanda ya zuba amfanin gonarsa na shekara a sabon abu don ya ji a rediyo kawai ba. Gani ya kori ji.

Ranar buɗewa kada ka taɓa igiyar da hannunka. Mai waken ya kwance, a fara da buhun da aka saba, a zazzage a tabarma, sannan a zazzage na leda kusa da shi. Ka yi shiru, ka bar mutane su ɗiba su murza su ciza. Ka ɗebi ƙwaya 20 a shuka a tsohon kwano, bayan kwana biyar masu tsoron ko iri ya mutu su zo su ƙirga tsiro. Sannan, abin da ya kashe dabarar nan shekaru da yawa: ka tabbata akwai mai sayar da buhun a wurin ranar, ko mai kantin da kowa ya sani a kasuwa mafi kusa. In mutum ya gamsu yau aka ce sai ya je birni, kafin kaka ya koma wa fiya-fiya.

Wanda ya kama dalilin ba ya tsayawa inda ka tsaya. Wata tsohuwa a gidanmu, ba wanda ya koya mata, ta wanke robar lemo ta shanya, ta cika da irin wake har wuya, ta naɗa leda a bakin ta murɗa marfi. Wasu suka koma jarkar man gyaɗa mai lita 25, wasu ganga mai marfi. Sharaɗin dai a cika ta fal a toshe ta ruf, don jarka rabi iska ce rabi. Manoma suka fara zuba masara da dawa da gurjiya, masu bincike, har da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi, suka bi baya suna aunawa, har sunan buhun ya tashi daga na wake ya koma na amfanin gona gaba ɗaya.

Buhu ɗaya, in an kula da shi, yana kai kaka uku. Da ka juye waken ka kakkaɓe ledojin, ka ninke su ka rataye inda ɓera da yara ba sa kaiwa, kuma kafin kaka ta gaba ka sake yi musu gwajin iska. Wadda ta huje ta fi ƙarfin salatif kada a yar a bola: tana rufe tarin harawa daga ruwan farko, ana shimfiɗa ta a shanya kuɓewa. Dattijon nan da ya mayar mini da buhu, tsofaffin ledojinsa yanzu suna ƙarƙashin jinkar rumbunsa, inda da ruwa ke yoyo.