Kurakuran da aka fi yi a bakin kogi, da yadda za a gyara su

Babban kuskuren masu zuwa kogin ƙauye don wanka, kamun kifi ko shan iska shi ne su ɗauka kogin da suka gani bara shi ne na bana. Kogi kullum cikin gyara gadonsa yake. Yana zaizaye ƙasa a nan, ya jibge yashi a can, kuma ambaliya ɗaya ta isa ta mai da mashigin da ruwa ke tsayawa a gwiwa ya koma gurbin da zai shanye dogon mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Duk zuwa, a tambayi masunta ko masu fito yadda ruwan yake yau, sannan a auna zurfinsa da doguwar sanda kafin a sa ƙafa.

A tsaya a kalli inda kogi ya yi kwana. Ta gefen waje ruwa ya fi gudu, yana cin gaɓa ta ƙasa, shi ya sa za ka ga bakin ya miƙe tsaye kamar katanga, saiwoyin itatuwa na reto a fili. Nan ne zurfi yake, kuma gaɓar na iya ruftawa da wanda ya tsaya a kanta. Ta gefen ciki ruwa yana tafiya a hankali, yana ajiye yashi, ƙasa na gangarawa sannu-sannu. Abin takaici, gefen waje ne ke jan hankalin samari saboda ya fi daɗin tsalle. A shiga ta gefen ciki, da ƙafa, a bar tsunduma da ka, domin dutse ko kututturen da ke ɓoye a ruwa mai laka yana karya wuya nan take. Haka ma wurin da ake haƙar yashi, ramukansa ba sa nuna alama a saman ruwa.

Mutane kan duba sama, su ga babu hadari, su saki jiki. Amma ruwan da ke gabanka daga nesa ya taso. Ana iya tafka ruwan sama a kan tuddai masu nisan kilomita da yawa, ko a buɗe ƙofofin madatsar ruwa, sai kogi ya cika alhali rana na haskawa a inda kake. Idan ruwa ya fara sauya launi, ko ka ga ganye da karare suna zuwa da yawa, ko dutsen da ka ajiye takalmi a kai ya fara jiƙewa, ka fita ka hau tudu. Kada a kafa zango a kan tsibirin yashi ko cikin busasshen rafi.

Ana kuma raina ƙarfin ruwa mai gudu. Zurfin santimita 15 kacal na iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuwa na iya ɗaga ƙaramar mota. Wanda ruwa ya kwashe kada ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, don ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwan ya danne shi. Ya kwanta rigingine, ƙafafunsa na fuskantar inda ruwa ya nufa, ya riƙa karkatawa zuwa gaɓa. Ya nisanci itacen da ya faɗo cikin ruwa: ruwa na ratsa rassan, mutum kuwa maƙalewa yake yi. A kwale-kwale kowa ya sa rigar kariya ya ɗaure ta, har da gwanin iyo.

Kuskuren da ya fi sosa mini rai shi ne na mai ceto. Wanda ke nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu, kai kawai za ka gani yana sama yana ƙasa, shi ya sa yaro ke buƙatar babba a kusa da shi, inda hannu zai kai. Idan abin ya faru, tausayi kan sa mutum ya faɗa ruwan, sai wanda ya firgita ya ƙanƙame shi su tafi tare. Ka kwanta rub-da-ciki a gaɓa ka miƙa masa sanda, ko ka jefa igiya ko jarkar da babu komai ciki, murfinta a rufe. Bayan an fito da shi kada a ɓata lokaci wajen matsa masa ciki wai don ruwa ya fita. Idan ba ya numfashi, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna ƙirji, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo.

A ƙasashe masu zafi, ruwa mai kwanciya da ciyayi shi ne mazaunin dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata. Wanda ya ga jini a fitsari bayan ya saba shiga irin wannan ruwa ya je a gwada shi, akwai maganinta mai suna praziquantel.